Maigidana ya hana ni taɓa salula a shago, alhali a cikinta nake koyon aikin

Assalamu alaikum. Ni saurayi ne mai shekara 24 a nan cikin garin Maradi. Na bar lakwal ban samu takardar BEPC ta gama kwaleji ba, sai mahaifina ya damƙa ni a hannun amininsa mai shagon haɗa wutar sola, yau shekara huɗu ke nan. Baba muke ce masa, kuma tsakani da Allah ya riƙe ni kamar ɗansa. Sai dai yawancin abin da na sani game da sababbin kaya a salula na koye shi. Da dare ina kallon YouTube, kuma ina cikin wani zauren WhatsApp na masu sana'ar, akwai mutanen Kano, Katsina, Damagaram da Yamai. Rabin ɗan abin da nake samu a forfe, wato kuɗin intanet, yake ƙarewa.

Wata biyu da suka wuce mun je gidan wani Alhaji da ya sayi batirin litiyam. Na ga Baba yana saita inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma ta gida, kamar yadda muke yi wa batir mai ruwa, sai na ce, "Baba, ba haka ake yi ba, na gani a YouTube." Alhajin ya yi dariya ya ce, "Ashe yaron naka ya fi ka." Baba bai ce uffan ba, ya matsa mini na saita. Da za mu tafi na ɗauki hoton aikin na saka a zaurenmu don in tambayi wani abu, ban lura ba ashe tsakar gidan ta fito, har da wata ƴar gidan tana wanki. Hoton ya yi yawo har ya kai ga ɗan Alhajin, aka kira Baba aka gaggaya masa magana.

Tun daga ranar ya kafa doka: da na shigo shago salulata za ta shiga durowa, sai an tashi. Babban yaron shagon kuma ya riƙa kirana injiniyan YouTube a gaban masu saye. Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bara na ƙona regilatar guda, na'urar da ke daidaita cajin batir, saboda na bi wani bidiyo, na bar Baba yana zaton dama lalatacciya aka sayar mana. Yanzu wani a zauren ya ce in bar shagon, zai riƙa turo mini aiki muna rabawa. Mahaifina ya ce in na bar wurin amininsa ba da yawunsa ba. Ni kuma ina ganin in na zauna haka za a wuce ni a sana'a. Don Allah a ba ni shawara.

Wani ɗan'uwa, Maradi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara kwantar maka da hankali a kan abu ɗaya: neman sanin da kake yi a salula ba abin kunya ba ne, kuma ba na so ka daina. Saurayin da zai hana kansa wani jin daɗi ya sayi forfe don ya gane yadda na'ura take aiki, wannan ya san inda ya dosa. Tsoron da kake ji na kada a wuce ka ma yana da dalili. Tun watan Agustan 2023 da Najeriya ta katse mana wuta, layin da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa ya mutu, Maradi da Damagaram suka sha duhu na watanni, duk mai ɗan hali ya koma sola. Kaya suka yi ta shigowa iri-iri, daga batir mai ruwa zuwa na jel zuwa litiyam, ga inbata mai haɗe da regilatar a cikinta, takardunsu kuma da Turanci ko Sinanci. Kayan sun fi malaman sana'ar saurin canzawa. Wanda ya ce sai abin da ya koya shekara 10 da suka wuce zai yi aiki da shi, wata rana zai tsaya gaban na'ura yana kallonta tana kallonsa.

A maganar batirin nan ma kai ne da gaskiya. Batir mai ruwa akan ɗaga masa ƙarfin caji lokaci-lokaci don ruwan ya motsa, ɗakunansa su daidaita. Litiyam ba ya son wannan ko kaɗan. Yana da tasa na'urar tsaro a ciki, wadda za ta yi ta yanke wuta in an matsa masa, kuma in aka dage a haka kwanansa raguwa yake yi. Da an bar saitin yadda Baba ya fara, da batirin da Alhaji ya zuba kuɗi masu yawa ya saya ya fara ba da matsala, kuma shagonku za a zaga. Ka ceci kayan mutum, ka ceci sunan shago. Ina so ka riƙe wannan a ranka, don abin da zan faɗa gaba ba zai yi maka daɗi sosai ba.

Ka tsaya ka duba abin da Baba ya rasa a ranar. Mai sana'ar hannu a garin nan jarinsa na farko yarda ce, kafin kayan aiki, kafin shago. Aiki baki ne yake kawo shi: a ƙofar masallaci, a fada wurin shan shayi, a wurin ɗaurin aure wani ya tambayi wani, "Wa ya haɗa maka taka?" To ta wannan hanyar dai maganar "yaron ya fi shi" za ta bi, kuma irin wannan magana ta fi yabo saurin tafiya. Mutumin da ya yi shekaru yana gina suna, yaron da amininsa ya ba shi riƙo ya gyara masa aiki a gaban mai gida, ya kuma kafa hujja da YouTube, wurin da shi a ganinsa wasanni da waƙe-waƙe ake kallo. Duk da haka bai daka maka tsawa ba, bai kore ka ba, ya matsa ka saita. Ka lura da wannan. Wanda ya matsa maka a irin wannan lokaci ya yarda a zuciyarsa cewa ka san abin, kuma ya fifita aikin mutane a kan girman kansa. Irin wannan dattijo ana iya zama da shi a fahimci juna.

Da a ce ka matso kusa da shi ka rage murya ka ce, "Baba, ga takardar batirin nan, kamar sun rubuta wasu lambobi daban, a duba mana," da shi zai canza saitin da hannunsa, Alhaji ya ga shago mai bin ƙa'ida, kai kuma a kan hanyar komawa a shi maka albarka. Ka ɗauki wannan ya zama ɗabi'arka har ka tsufa a sana'a: bidiyo ya nuna maka inda za ka duba, amma abin da za ka miƙa wa babba ko mai kaya shi ne takardar kamfanin da ya ƙera na'urar, ko tambarin da ke manne a jikinta. Takarda ba ta kunyata kowa. "Na gani a YouTube" kuwa, ko da gaskiya ne, kunne yana jin sa kamar an ce "wani ya fi ka".

Maganar hoto ita ce ta fi nauyi, kuma ina zaton ita ce ainihin abin da ya kai salularka durowa. Kai ka san cewa ana shigar da mai gyara inda ko maƙwabci namiji ba ya taka ƙafa. Ana cewa mata su kauce, a ce "ku shigo", saboda an yarda cewa idon mai sana'a a kan aikinsa yake. Ka fito da tsakar gidan mutum da ƴarsa ka ajiye a zauren da ba ka san rabin mutanen ciki ba. Zauren WhatsApp yana iya ɗaukar mutum fiye da 1000, kuma kowannensu da dannawa ɗaya zai tura hoton gaba. Bar ma maganar mutunci, hoton da ke nuna inda batir da inbata suke a cikin gida, da ta inda ake shiga, ɓarawo ba ya neman abin da ya fi shi. Na san ba da mugun nufi ka yi ba, amma Alhajin yana da haƙƙin ya yi fushi. Ka kuma sani ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, ga dokar laifukan intanet ta 2019. Yaɗa hoton mutum ba da izininsa ba abu ne da zai iya kai mutum gaban hukuma in aka haɗu da wanda ba ya yafiya. Daga yau in za ka yi tambaya a zaure, ka ɗauki tambarin na'urar kaɗai, ko lambar matsalar da ta fito a fuskar inbata, ko ka zana haɗin a takarda ka ɗauki takardar. Ba sunan mai gida, ba unguwa, ba bango ko ƙofar da za a gane. Wanda ya san aiki lambobi yake buƙata kafin ya ba ka amsa.

Sai regilatar da ta ƙone. Na ji daɗin da ka faɗa, don ita ce za ta nuna maka iyakar malamin da ke cikin salula. Yawanci abu biyu ke kashe ta a hannun mai koyo: ko a haɗa farantin sola kafin a haɗa batir, alhali batir ake fara haɗawa don ta gane ƙarfin da za ta yi aiki da shi, ko a jera farantai a layi ɗaya har ƙarfinsu ya zarce abin da aka rubuta za ta iya ɗauka. Mai bidiyo yana nuna nasa kayan ne, a tasa ƙasar. Ba'amurke yana magana a kan wutar gida mai bolt 120, mu kuwa tamu 220 ce, kuma lambobin kaurin wayarsu daban suke da milimita da muke sayen kebul da ita. Bature a Faransa ko Jamus zai ce ka karkata faranti digiri 30 ko 35, saboda rana a can ƙasa-ƙasa take bi. Maradi tana wajen digiri 13 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, don haka abin da ya dace da mu bai wuce wajen digiri 15 ba, fuska tana kallon kudu. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne yana da zafin digiri 25. A watan Afrilu da Mayu, a kan rufin kwano da tsakar rana, farantin kan haura digiri 60, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana cin kusan kashi 4 cikin 100 na ƙarfinsa. Da sanyin safiyar hunturu kuma bolt ɗinsa hawa yake yi, wanda shi ne ke ƙarasa regilatar da aka cika mata kaya. Ga ƙurar da ke kwanciya a kai cikin kwana kaɗan. Mai bidiyon bai yi maka ƙarya ba, bai dai taɓa hawa rufi a unguwar Bagalam ko Zariya a nan Maradi ba.

Baba kuwa ya hau. Ya san irin rufin da zai ɗauki nauyi da wanda zai lotsa. Ya san yadda iskar hadarin farkon damina take ɗaga farantin da ba a ɗaure da kyau ba ta jefar a gidan maƙwabta. Yana kankare bakin kebul da wuƙa ya gane jan ƙarfe ne na gaske ko sanholo ne aka shafa wa launi. Yana kallon mai saye ya gane wannan da mun juya baya zai jona firiza a kan abin da aka lissafa wa fanka da ƙwan fitila, sai ya bar masa sarari tun farko. Babu bidiyon da zai koya maka waɗannan, kuma su ne ke raba wanda aikinsa ke shekaru da wanda ake kira bayan wata uku. Kana zaune kusa da wannan ilimi kullum, kyauta, kada hasken salula ya hana ka ganin sa.

Saboda haka ka sa wa abin da kake ɗauka a intanet rariya. Ka duba mai maganar: yana nuna awo da mita a gabanka, ko baki kawai yake yi? Yana koyarwa ne ko kayansa yake talla? In ka ji abu sabo, ka nemi wasu mutum biyu da ba su san juna ba su ma sun faɗi haka, sannan ka gwada da takardar na'urar. In sun saɓa, takarda ce gaba. Bayan haka ka jarraba a shago da ƙaramin faranti da tsohon batir, da fiyus a tsakani, kafin ka kai shi gidan mutane. A zaurenku ma ka lura, wanda ya fi kowa yawan saƙon murya ba lallai shi ya fi kowa sani ba. Sau da yawa gwanin yakan yi shiru, in ya tashi amsawa kuma tambaya yake fara yi: faranti nawa, wane iri, kebul mai kauri nawa, nisan mita nawa. Irin waɗannan ka riƙe lambarsu.

Akwai kuma tambayar da kai kaɗai za ka amsa wa kanka. Ka shiga saitin salularka, akwai wurin da take nuna awoyin da ka yi a kowace manhaja cikin mako. Ka duba nawa ne na darasi, nawa ne na TikTok da Facebook da hirar da ba ta shafi aiki ba. Waɗannan manhajoji an gina su ne don su riƙe ido, mutum ya shiga neman yadda ake saita inbata ya farka bayan rabin awa yana kallon kokawa. Daga inda Baba yake zaune, yaro mai karatu da yaro mai wasa kamanninsu ɗaya, kai a sunkuye, yatsa yana tafiya. Kuma a wani wurin dokarsa daidai take ko da babu abin da ya faru. Faranti ba shi da makunni, muddin rana tana dukansa akwai wuta a bakin wayarsa, kuma in an jera su da yawa wutar tana iya kisa. Wanda ke kan rufi, ko yake ɗaure kan batir da sifana a hannu, bai kamata salula ta yi ƙara a aljihunsa ba.

Yanzu ga abin da nake so ka yi. Ka fara da mahaifinka. Shi ba koyonka yake ƙi ba, kunyar amininsa yake ji, don shi ya kai ka da hannunsa. Ka faɗa masa duka, har da regilatar, ka ce kana so ka je ka ba Baba haƙuri. Sannan ka sami Baba a gidansa, ba a shago ba inda yara ke kallo, bayan sallar isha'i ko ranar Juma'a da yamma. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba tun kana ƙarami, ka ce, "Baba, na zo neman gafara. Na yi maka magana a gaban mutane yadda bai kamata ba, na kuma jawo maka magana a kan hoton da na ɗauka. Akwai kuma regilatar bara, ni na ƙona ta da rashin sani, tsoro ya hana ni faɗa. A riƙa cirewa a cikin abin da ake ba ni har in biya." Ka tsaya nan. Kada ka kawo "amma ai ni ke da gaskiya", kada kuma ka roƙi a dawo maka da salula a ranar. In ka haɗa ban haƙuri da buƙata, zai ji kamar ciniki ka zo yi. Na san faɗin maganar regilatar zai yi maka nauyi, amma gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin wani ranar da kuka saɓa, kuma akwai haƙƙin ɗan kasuwar da aka zarga da sayar muku da lalataccen kaya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, uba ne.

Ka nemi izininsa ka je ka ba Alhajin haƙuri, ko ku je tare in ya ga haka ya fi. Ka goge hoton a salularka, ka roƙi mai kula da zauren ya goge, ka kuma faɗa wa ƴan zauren a fili cewa kuskure ne, duk wanda ya sauke ya taimaka ya share. Ba za ka iya dawo da duk inda ya kai ba, amma mai gidan zai ga ka ɗauki abin da muhimmanci.

Bayan nan ka bi dokar durowa da hannunka, ba tare da an tuna maka ba kuma ba da ɗaure fuska ba, kamar wata ɗaya ko biyu. Karatunka ba zai tsaya ba. Ka sauke bidiyon da kake buƙata da dare lokacin da layi ya fi sauƙi, ka kalla a nutse, ka sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ka gane da Hausa, da boko ko ajami duk wanda ya fi maka: sunan na'ura, lambobin saitinta, matsalar da aka samu, yadda aka warware. Littafi zai shiga ko'ina da kai, babu mai hana ka buɗe shi a shago, kuma abin da ka rubuta da hannu ya fi zama a kai. Na tabbata wata rana za ka ga Baba da kansa ya ce, "Kawo littafin nan naka mu gani."

In ka ga fuska ta saki, sai ka kawo shawara, kuma ka kawo ta a matsayin amfanin shago. Ka ce salula ta ci gaba da zama a durowa, amma in sabon kaya ya zo ko wata lamba ta fito da ba a saba gani ba, shi zai ce a ɗauko a duba, a gabansa. Ka riƙa cewa, "Baba, in tambayo mana mutanen Kano?" In amsa ta zo da murya, ka kunna masa ya ji da kunnensa. Da ya ji dattijo irinsa yana bayani da Hausa a kan abin da shi ma ya sha fama da shi, zai daina ganin zauren a matsayin wurin yara. Wata rana ka ce wani ya yi tambaya a kan ɗaurin faranti a rufin kwano, me za a ce masa, ka ɗauki amsarsa ka tura da izininsa. In godiya ta dawo ka kunna masa. Haka nan za ka iya ba da shawarar a riƙa saka hoton kayan shago da ayyukan da masu su suka amince a nuna, da lambarsa shi ba taka ba. Ranar da mai saye ya shigo ya ce a WhatsApp ya gani, an gama gardamar salula.

Babban yaron shago kuma kada ka mayar masa da baƙar magana. Ya riga ka zuwa, yana ganin ƙaramin da ya tarar da shi yana neman sha gabansa, tsoro ne yake fitowa da sigar zolaya. Ka same shi ku biyu ka nuna masa saitin litiyam ba tare da kowa ya sani ba, kai ma ka tambaye shi abin da ya fi ka, don akwai. In ya ci gaba bayan haka, ka kyale shi, sunan zai mutu da kansa in ba ka amsa shi da fushi.

Wani abin da salula ba za ta ba ka ba shi ne takardar shaida. Manyan ayyuka, irin famfunan sola na rijiyoyin burtsatse, na lambunan Jiratawa da bakin Gulbi, da na asibitoci da makarantu da ƙungiyoyi ke bayarwa, galibi sai an nuna takarda. Rashin BEPC bai rufe maka ƙofa ba. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, akwai asusun FAFPA da ke tallafa wa horon masu koyon sana'a da ma'aikata, ga makarantar fasaha ta Dan Kasawa a nan garin inda za ka sami malaman lantarki da za su nuna maka hanya. Ka taka da ƙafarka ka tambayi abin da ke buɗe yanzu da sharuɗɗansa, kuma ka sa Baba a cikin maganar tun farko, don ya zama shi ya tura ka. Ka kuma san sana'arka tana da asali a ƙasar nan. Tun 1965 Nijar ta kafa ofishin binciken makamashin rana, ONERSOL, wanda Farfesa Abdu Mumuni, da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranta shekaru masu yawa. Ba baƙon ilimi kake bi ba.

Game da mai cewa ka bar shago ku riƙa rabawa, ni ban ga alheri a gaggawar nan ba. Mutumin da lambarsa kaɗai ka sani, in inbatar miliyan ta ƙone a hannunka wa zai biya? In mai gida ya kai ƙara, sunan wa za a kira? Yau in ka yi kuskure akwai inuwar da kake shiga, can kuwa kai kaɗai ne. Ka gode masa, ka ce ba yanzu ba. Kada kuma ka karɓi aikin ɓoye daga masu sayen Baba ko ka fita da kayan aikin shago, wannan ita ce hanyar da ta fi saurin ɓata tsakanin gidajenku biyu.

Ban ce ka zauna har abada ba. Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne, kuma kowane mai koyo ranar yaye yake jira. In ka yi duk wannan da zuciya ɗaya, aka kwashe kamar wata shida babu abin da ya motsa, ko takardar kamfani ba a yarda a duba ba, to sai mahaifinka ya je ya zauna da amininsa su sa lokacin da za a yaye ka, a yi addu'a, ka fita da albarka da sunan wanda ya koya maka. Mai saye a Maradi zai tambaye ka yaron wa ne kai kafin ya tambayi me ka iya. Abu ɗaya ne ban yarda ka yi shiru a kansa ba ko a yau: in ka ga haɗin da zai iya tayar da gobara ko ya kama mutum, kamar siririn kebul a kan babban kaya ko batir ba fiyus, ka ja Baba gefe ka faɗa masa a hankali, ka nuna masa a rubuce, in ya ƙi kuma ka roƙe shi ya ɗauke maka sa hannu a wannan aikin.

Ka je wurin mahaifinka a daren nan in da hali, kada ka bari makon ya fita ba ka taka gidan Baba ba. In an kwana biyu ka rubuto mini yadda kuka yi da shi da Alhajin, da abin da suka ce maka a wurin horon. Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a hannunka.